Ganyen Cinar a Bakin Allura: Kwana Shida a Sirinagar

Ba ɗinki ne ya kai ni Indiya ba. Yayana na raka Delhi neman lafiya a watan Nuwamban 2023, kuma bayan an yi masa aiki likitoci suka ce sai ya huta na mako uku kafin a bar shi ya hau jirgi. Da ya fara jin ƙarfin jikinsa, ga kuma uwargidansa tana tare da shi, shi da kansa ya ce in fita in sha iska, domin zaman da nake yi a gefen gado ina ƙirga ƙwayoyin magani ya soma gundurar mu duka. Kamar yawancin tsararrakina da suka tashi da kallon finafinan Indiya, na daɗe da sanin sunan Kashmir, amma abin da ya ja ni can wani mayafi ne mai ruwan toka da na gani a wani kanti kusa da masaukinmu, wanda aka bi bakinsa da ɗinkin wani ganye mai yatsu biyar, ganyen wata bishiya da ake kira cinar. Ni jikan maɗinka ne, a cikin birnin Zariya na tashi, a gidan da ba a rasa riga a kan cinyar wani a zaure tun daga hantsi har la'asar, don haka ban san lokacin da hannuna ya juya mayafin ya dubi bayansa ba. Mai kantin ya yi murmushi, ya karɓe kayansa ya ninke, ya ce wanda ya san ya juya baya ba shi ake sayar wa wannan ba, in na gaskiyar nake so sai in tafi Sirinagar, babban birnin kwarin Kashmir.

Tafiyar awa ɗaya da rabi ce a jirgin sama. Bayan an wuce shimfiɗaɗɗiyar ƙasar arewacin Indiya sai duwatsun Pir Panjal suka taso da farin ƙanƙara a kawunansu, daga nan kwarin Kashmir ya buɗe kamar faranti a tsakiyar tsaunuka. A filin jirgi baƙo yakan cike wata takarda ta daban, layin wayar da na saya a Delhi kuma ya ɗauke ɗif, sojoji suna tsaye a kusan kowace mahaɗar hanya. Birnin yana bisa tudu na kusan mita 1,600, sanyin da na tarar kuwa ya sa na gane cewa abin da muke kira hunturu a Samaru wasa ne. Maza da mata duk suna sanye da feran, wata burmemiyar riga ta ulu mai kama da jallabiya, kuma da yawa hannayen rigar suna reto babu kowa a ciki, saboda an janye hannuwa ciki an rungume kangiri, wato ɗan kaskon wuta na yumɓu da aka saƙa masa kwando.

Ɗan mai masaukina, ɗalibi ne a jami'a, shi ya zama tafintana, kuma shi ya ba ni shawarar da na fi gode masa a kanta: kada in je wurin maɗinka sai na fara ganin bishiyar. Ya kai ni Nasim Bag, wani tsohon lambu a gefen tafkin Dal, kusa da masallacin Hazratbal, wanda ake danganta kafa shi ga Sarki Akbar a 1586, shekarar da Kashmir ta shiga hannun daular Mugal. Yanzu lambun yana cikin harabar Jami'ar Kashmir, kuma cike yake da ɗaruruwan itatuwan cinar, waɗanda mutanen wurin ke kira buni da harshensu. Bishiya ce mai girman gaske, wadda kaurin gindin tsofaffin cikinsu yake tuna wa mutum kuka, tsayinta kuma ya yi na rimi, kuma doka ta hana a sare ta ba da izinin hukuma ba. Ganyen ya kai faɗin tafin hannun babban mutum, yana da yatsu biyar, wani lokaci bakwai, kowane yatsa da tsaga-tsaga a gefensa. Wanda ya san ganyen zurma ko na kuɓewa ya kama hanyar gane siffarsa.

Launin ne ba ni da abin kwatanta shi a gida. Namu itatuwan in za su zubar da ganye sukan bushe ne kawai su koma ruwan ƙasa, amma cinar a watan Nuwamba sai ta bi launi-launi kafin ta saki ganyenta. Na tsinci guda ɗaya na riƙe, na ƙirga abin da ke jikinsa: sauran kore a kusa da jijiya, ruwan ɗorawa a tsakiya, ruwan goro, ja kamar garwashi, sannan bakin yatsun ya ƙone ya yi ruwan makuba. A can gefe wasu mata suna share ganyen suna tarawa tsibi-tsibi, suna cinna masa wuta suna yayyafa ruwa don kada ya cinye ya zama toka. Gawayin da ya fito shi za a zuba a kangiri idan kwana arba'in na tsananin sanyi, waɗanda suke kira Cillai Kalan, suka kama daga 21 ga Disamba. Na saka ganyena a cikin littafi na tafi da shi.

Washegari muka shiga tsohon gari, inda gidajen katako da jan bulo masu hawa uku da huɗu suka jeru a gaɓar kogin Jelum, lunguna kuwa ƙanana kamar na cikin birni a gida. Mun tsaya a Hankahi Maula, zawiyar katako da aka gina a 1395 don tunawa da Mir Sayyid Ali Hamadani, malamin nan da ya zo daga ƙasar Farisa a ƙarni na 14, wanda mutanen Kashmir ke cewa da jama'arsa ne sana'o'in hannu da dama suka shigo ƙasar. Sunan da ake haɗawa da nasa shi ne na Sarki Zainul Abidin, wanda ya yi mulki daga 1420 zuwa 1470, ya kuma jawo masu sana'a daga ƙasashen waje ya zaunar da su; gadar Zaina Kadal da muka tsallaka sunansa ta ci. Kowane mai sana'a da na zanta da shi sai ya ambaci ɗayan biyun nan kafin ya ambaci kakansa.

Aikin ganye ba a hannun maɗinki yake farawa ba. Akwai wanda ake kira nakkash, daidai da mai zayyana a wurinmu, sai dai shi ba da alƙalami yake zana kowace riga ba. Shagonsa ɗan ƙarami ne, bango huɗu cike da hatimai na katakon gyaɗar turawa da aka sassaƙa, wasu sun yi baƙi ƙirin don tsufa. Yakan shimfiɗa ƙyallen a kan tebur, ya dangwala hatimin a wani ruwan tawada na gawayi ko na alli da aka dama da ƙaro, gwargwadon hasken yadin ko duhunsa, ya buga, ya ɗaga, ya sake bugawa daidai inda na farko ya tsaya, ba tare da magwaji ba, har reshen ya zagaye mayafin ya dawo ya haɗu da mafarinsa. Ya nuna mini hatimin badam, wato siffar nan mai lanƙwasasshen kai da muke gani a jikin atamfa da darduma, da na furen bado, da na reshen inabi, da na cinar iri-iri, daga mai girman farce har mai girman tafi. Na ciro ganyena na ɗora kusa da ɗaya daga cikinsu, nan na ga abin da ban lura da shi ba a Delhi. Ganyen hatimi ba kwafin na bishiya ba ne. An daidaita yatsunsa dama da hagu, an rage tsagogin zuwa adadin da allura za ta iya bi, an kuma ƙara wa jijiyoyin ƙarfi domin su ne za su raba wa maɗinki gonakin da zai cike.

Maɗinkin da aka kai ni wurinsa dattijo ne da zai yi shekara saba'in, kowa yana ce masa Wasta, wato malamin sana'a. Ɗakin aikin yana hawa na uku, an zaɓe shi ne saboda tagogi, domin wannan aiki hasken rana yake so. Mutum biyar ne zaune a ƙasa, kowa ya jingina da bango ya ɗaga gwiwa ya ɗora mayafi a kai, babu katakon ɗame ƙyalle, babu tebur. Da na yi sallama suka amsa baki ɗaya, na ga zaman nasu, sai na ji kamar zauren kakana na shigo, bambancin kawai kangiri da ke gefen kowa da kuma shayin gishiri mai ruwan hoda da aka miƙo mini. Na ce wa tafinta ya gaya masa cewa ni ma daga gidan allura na fito, na buɗe waya na nuna masa hoton wata aska takwas ta Baffana. Ya karɓa ya daɗe yana dubawa, ya sa yatsu ya faɗaɗa hoton a wurin tambari, sannan ya tambaya ko da hannu aka yi waɗannan ƙananan idanu duka. Da na ce da hannu ne, sai ya matsa ya ba ni wuri kusa da shi.

Irin ɗinkinsa sunansa sozni, daga kalmar Farisanci mai nufin allura. Yadin fashmina ne, wanda ake samu daga lallausan gashin da ke ƙarƙashin jikin awakin tsaunukan Ladak, inda makiyaya ke tsefe shi idan sanyi ya wuce, mata su kaɗa shi da hannu, masaƙa su saƙa. Silin gashin kan mutum ya ninka nasa kauri sau huɗu ko biyar, saboda haka yadin ba ya ɗaukar wasa, in aka ja zare da ƙarfi sai ya tattare, in aka yi kuskure aka warware sai gurbin ya nuna. Allurar ƙarama ce ƙwarai, zaren kuma siliki ne da ake raba shi sili-sili.

Na zauna daga hantsi har azahar ina kallon ganye ɗaya tak yana tasowa. Ya fara da jijiyar tsakiya da zare mai duhu, daga gindi zuwa tsini, sannan jijiyoyi huɗu da suka rabu zuwa sauran yatsu. Daga nan ya bi gefen ganyen da wani siririn layi, yana tsayawa a kowane tsini ya soka allura sau ɗaya a waje kaɗan domin bakin ya fito da kaifi, don in ba a yi haka ba, in ji shi, ganyen cinar sai ya koma fure. Cikon shi ne inda gwaninta take. Yakan kwantar da zare a gicciye daga jijiya zuwa gefe, ya dawo ya danne shi da wani ɗan mitsitsin ɗinki a tsakiya don kada ya tashi, kuma kowane zare yana bin kwanciyar da ƙananan jijiyoyin ganye na gaskiya suke bi. Saboda zaren ɓarin dama da na ɓarin hagu suna fuskantar wurare dabam-dabam, haske ba ya faɗa musu iri ɗaya, sai ka ga rabin ganyen ya yi sheƙi rabin ya yi inuwa alhali zare ɗaya ne. Inda launi zai sauya kuma ba ya yanke layi; yakan cusa dogayen ɗinki na ja a tsakanin gajerun ruwan goro, har ido ya kasa nuna inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Allurar ba ta huda yadin gaba ɗaya, tsintar zaren sama kawai take yi, shi ya sa da na juya bayan ban ga komai ba sai ɗige-ɗige a jere, babu ƙulli, babu zaren da ya tsallaka daga wannan ganye zuwa wancan. Akwai ma wani mataki da suke kira doruka, mai fuska biyu, wanda ba a bambanta gabansa da bayansa.

Hatimi ba ya faɗin launi. Wasta ne yake ɗinka ganye ɗaya ko biyu a kusurwa su zama abin koyi, almajirai su bi. Na ba shi ganyen da na tsinto, ya juya shi, ya jawo wani ƙunshin zaruruwa ya zaro guda shida ya jera a kan gwiwarsa, suka yi daidai da abin da na ƙirga a lambu har da wanda ban gani ba, wani ruwan toka-toka da ke bayan ganyen. Amma ya ce shi ba ya ɗinka ganyen da ya riga ya faɗi, na kan reshe yake ɗinkawa, ana saura kwanaki ya faɗo. Ban tabbatar ko tafinta bai ƙara wa maganar gishiri ba, sai dai a mayafin da ke gabansa babu ganye ko ɗaya mai ƙonannen baki.

A nan ne na yi ta tunanin namu aikin. Mu ma muna ba zane sunan abu, aska biyu, aska takwas, tambari, dagi, amma mai zayyana ba ya ɗauko aska ya ajiye a gabansa, siffar ta riga ta rabu da abin tun zamanin kakanni ta zama lissafi na layi da kusurwa. Ganye da fure a wurinmu sun fi fitowa a aikin mata, a zanen gado da rigar matashi da ake yi wa amarya da zaren ulu, kuma ban taɓa jin an ɗauke su da darajar cin wuyan babbar riga ba. A Kashmir kuwa ganyen ne babban aiki, maza dattawa ke ƙarar da idonsu a kansa, kuma bishiyar tana nan a bakin taga tana yi musu gyara duk shekara. Ban ce ɗaya ya fi ɗaya ba, amma na fito ɗakin ina jin cewa mun yi wa aikin iyayenmu mata rowar kallo.

Sauran nau'o'in na gan su a gurguje. Akwai ari, wanda ake yi da ƙugiya mai kama da kwarashi, zare yana ƙarƙashin yadi ana fizgo shi sama yana yin sarƙa, ana zagaya ganyen daga waje zuwa ciki. Ya fi sozni sauri nesa ba kusa ba, kuma da zaren ulu a kan kakkauran yadin auduga ake yin labule da rigunan kujera da shi, inda ganye ɗaya kan kai girman faranti. Akwai tilla, na zaren zinariya da azurfa, a wuyan feran ɗin amare. Ganyen dai bai tsaya a yadi ba, yana jikin akwatunan katako da kwanonin tagulla da 'yan kunne.

A gidan tarihi na Sri Pratap Singh, wanda aka buɗe a 1898 a gefen kogi, na ga tsofaffin mayafai, har da wanda aka ɗinka taswirar Sirinagar a kansa da allura, da kogi da gadoji da lambuna. Asalin shaharar mayafin Kashmir saƙa ce, irin wadda ake kira kani, da ake shigar da launuka da ƙananan tsinkaye tun a kan masaƙa. A farkon ƙarni na 19 ne aka soma kwaikwayon zanen saƙar da allura a kan yadi fili, domin ya fi arha kuma da farko harajin da ke kan saƙaƙƙe bai hau kansa ba. Wato sozni da ake kuka yau inji yana kashe shi, shi ma a matsayin mai araha ya shigo kasuwa. A wancan ƙarnin masaƙun garin Paisley na Sikotland suka yi ta fitar da kwaikwayo har sunan garin ya bi zanen badam a bakin Turawa, kuma bayan yaƙin Faransa da Furushiya na 1870 kasuwar Turai ta rufe, masaƙan Kashmir suka shiga wani hali.

Kukan yau na ji shi a ɗakin Wasta, kuma ba sabo ba ne a kunnena. Yadin na ɗan kasuwa ne, zaren nasa ne, maɗinki ladan aiki kawai yake karɓa, sau da yawa ma ya riga ya ci rabinsa bashi kafin ya gama. Mayafi mai ɗinki a baki kawai yakan ɗauki makonni, wanda aka rufe gaba ɗaya, jamawar, yakan ci shekara ɗaya ko biyu ko fiye, kuɗin da ake sayar da shi a Delhi ko Dubai kuwa maɗinkin labarinsa kawai yake ji. Ga kuma kayan inji daga garuruwan Amritsar da Ludhiana na Indiya da ake sayarwa da sunan Kashmir. Tun 2008 gwamnatin Indiya ta yi wa fashmina da sozni rajistar asali, wato shaidar hukuma cewa kayan Kashmir ne na gaskiya, a 2021 kuma hukumar UNESCO ta sa Sirinagar cikin biranen sana'ar hannu, a shekara ɗaya kuma a rukuni ɗaya da Bida tamu. Duk da haka ƙaramin cikin mutum biyar ɗin nan ya haura arba'in, 'ya'yan Wasta kuwa babu wanda ya ɗauki allura. Na gaya masa yadda aikin kwamfuta ya cika kasuwannin Kano da Zariya, yadda mai riga zai biya kuɗin shadda ba ciniki amma ya tsaya yana ja-in-ja a kan ladan wanda ya yi wata uku a duƙe. Ya gyaɗa kai, ya ce matsalar ba injin ba ne, masu saye ne suka daina juya baya.

Jamawar ya fi ƙarfin aljihun wanda ya zo jinya. Na sayi ƙaramin mayafi mai ruwan madara, da ganyen cinar jere a bakinsa biyu, daga hannunsa kai tsaye, cikin waɗanda yake yi da nasa yadin idan ya samu sarari. An riga an wanke shi, tawadar nakkash ta fita, sai a wuri ɗaya da na gano ɗan baƙin layi a ƙarƙashin wani tsini, inda allura ta kauce wa hatimi da gangan don ta gyara masa. Ban yi ciniki ba, abin da ya ba tafintana haushi ƙwarai.

Mun dawo gida a farkon Disamba, Yaya ya samu sauƙi, alhamdu lillahi. Mayafin na Inna ne, amma sai da na fara biyawa da shi ta zaure wurin Baffa, wanda idonsa ya yi rauni har ya bar aikin riga ya koma duba na yara. Ya karɓa, bai ko dubi gaban ba ya juya shi, ya fita da shi bakin ƙofa inda rana take, ya bi layin ɗige-ɗigen da babban yatsa tun daga wannan kusurwa har waccan. Ya ce, "Kai, ina ya ɓoye bakin zarensa?" Na ce, "Wallahi Baffa, a gabana ya yi, amma ban gani ba." Ya tambayi shekarun mutumin, ya tambaya ko yana sa tabarau, sannan ya ce in kawo ganyen da na ce na tsinto. Ya ɗora busasshen a kan ɗinkakken yana kwatantawa, ya ce in je in huta, zai aika wa Inna da kayanta anjima. Sai da ta tura yaro sau biyu, a rana ta uku, kafin mayafin ya shiga cikin gida, ganyen kuwa har yanzu yana cikin gafakarsa.